Sunan da Na Ɗauka Zuwa Penang

Tun da na dawo ba ku bar ni na sarara ba. A Islamiyyar ranar Lahadi tambaya, a bas ɗin Stockport Road tambaya, har a shagon nama na Rusholme Hajiya Mairo ta tare ni tsakanin firji da buhunan shinkafa, wai, "Maman Hafsa, da gaske kin shiga ɗakin gumaka?" To ga shi zan ba da labarin sau ɗaya, kowa ta karanta a ɗakinta, kada a sake tsare ni ina riƙe da kaza mai ƙanƙara.

Da farko dai ba yawon buɗe ido ne ya kai ni Maleshiya ba. Ni da gwiwata ke ƙara idan na hau benen gidanmu, ina ni ina yawo? Ɗana na je gani, ɗan farina. Yawancinku kun san sunansa, wadda ba ta sani ba ta tambayi ta kusa da ita, don ni ba zan rubuta a nan ba. A gidanmu a Kano mace ba ta faɗin sunan ɗan farinta. Innata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran Yayanmu da sunansa ba, kuma hakan bai hana shi yi mata kuka kamar ransa zai fita ba. Wannan kunyar na ƙunso na zo da ita Ingila tare da daddawa. Daddawar ta ƙare a wata biyu, kunyar tana nan shekara talatin. Idan na kai shi wurin GP, likitan unguwa, aka ce sunan yaro, sai in miƙa jan littafinsa na asibiti. Idan an kira iyaye makaranta, "my son" ya ishe ni. A fom nakan rubuta, tunda biro ba shi da kunya. A gida kuwa "Kai" ne. Kai, zo ka ci abinci. Kai, kashe fitilar nan.

Yaron yana aikinsa lafiya lau a wata cibiyar matasa ta council, wato ƙaramar hukuma, a Moss Side, yana buga ƙwallo da 'ya'yan mutane yana hana su bin banza, sai gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Aka rage ranakun laburare, aka rufe cibiyar, aka ba shi takardar godiya. Shekara guda yana ɗakinsa yana cike fom. Daga nan ya samu aikin koyar da Turanci a Penang ta Maleshiya, ya ce shekara ɗaya zai yi. Bana shekara uku ke nan.

Ƙanwarsa Hafsa ce ta kawo min maganar, muna gyaran alayyafo a kicin. Wai makarantar za ta ba shi aikin dindindin, kuma zai sa hannu. Ta ce masa, gida fa? Ya ce wane gida? Aiki babu, kuma Mum ko sunana ba ta iya faɗa, duk Manchester Maman Hafsa ake ce mata, kamar ni a bas aka tsince ni. Hafsa ta faɗa tana dariya. Ni ma na yi dariya, sannan na shiga banɗaki na kunna famfo. Wallahi maganar ta soke ni. Yaron da na kwana biyu ina naƙudarsa ni kaɗai a ƙasar da ban san kowa ba, ashe abin da yake ɗauke da shi ke nan a ransa. A nan na ƙudura cewa zan je, in dube shi, in kira sunansa da bakina kafin ya sa hannun nan. Sau ɗaya dai, ai ba kashe ni zai yi ba.

Babansu ba zai samu hutu ba, don a ofishinsu an sallami mutum uku an ɗora masa teburansu. Sai ya haɗa ni da ƙanwarsa Asabe ta Birmingham. Wadda ta san Asabe ta san da rediyo aka haɗa ni.

Ita ta samo mana tikiti mai sauƙi, amma daga Birmingham jirgin zai tashi, don haka da babbar bas na fara. Hanyar awa biyu muka yi ta a huɗu, saboda gyaran titin nan da tun ina goyon Hafsa ake yinsa. Ina zaune kusa da wani Bature mai barci, ina ta juya sunan a zuciyata. A zuci babu wuya. Da na kawo shi maƙogwaro sai ya tsaya cak.

Na tarar da Asabe zaune a kan akwati tana kokawa da zif. Garin yaji, kuka, busasshiyar kuɓewa, man shanu a kwalbar jam, da buta sabuwa fil, koriya. Na ce, "Asabe, ƙasar Musulmi fa za mu."

"Matar Yaya, ni ban yarda da banɗakin kowa ba."

Kuskuren da na yi shi ne na gaya mata abin da zai kai ni. Ta yi dariya har ta zamo daga kan akwatin, akwatin ya wage baki. "Ke? To fara yanzu. Ni ce shi, kira ni mu ji."

Na ce Allah ya sawwaƙe in faɗa a gaban ƙanwar ubansa.

"To an yi asarar tikiti," in ji ta, ta koma ta zauna a kan akwatin.

Jirgi biyu muka hau, da zaman awa biyar a tsakani a wata ƙasar Larabawa, inda Asabe ta fesa kowane turare a shagon filin jirgin ba ta sayi ko ɗaya ba. A jirgi na biyu na shiga banɗaki, na kulle, na tsaya gaban madubi na ce bari in gwada, ai a nan sama babu wanda ya san ni. Harafin farko ya fito. Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa, na ji kamar an kama ni ina sata. Na wanke hannu sau biyu na fito.

A wurin duba fasfo, abin da ya fara burge ni shi ne jami'ar, yarinya ce ƙarama da hijabinta da kakinta, babu mai kallonta sau biyu. Ta karɓi fasfona ta ce wurin wa na zo. Na ce my son. Ta ce sunansa? Na tura mata takardar da Hafsa ta buga min. Ta tura min ita baya, ta ce a'a, faɗa kawai, ba komai. Ina tsaye ina juya takardar, sai Asabe daga ɗaya layin ta ɗaga murya ta rattaba sunan, da na ubansa, da na kakansa, kamar sanƙira a wurin ɗaurin aure. Yarinyar ta buga min hatimi tana danne dariya.

Da muka fito waje zafi ya yi mana sallama. Ba irin na Kano ba ne. Na Kano gasa mutum yake, na can dafa shi yake. Ga yaron a tsaye, ya rame, ya tara gemu, da silifa a ƙafa. Ya rungume Asabe yana "Gwaggo, Gwaggo," sannan ya zo gabana ya ɗan rusuna yadda aka koya masa. Na ce a raina yanzu ne, a gama da shi tun daga ƙofa. Na buɗe baki.

"Kai," na ce, "ba sa ba ka abinci ne?"

Asabe ta yi tari.

Ya sauke mu a gidan da yake haya, tsohon gini mai ƙaramar fuska, amma idan ka shiga sai tafiya, ɗaki bayan ɗaki, da tsakar gida a buɗe ana ganin sama, sai na tuna gidajen cikin gari. Mai gidan wata tsohuwa ce 'yar asalin Sin, gajeriya, kowa Anti yake ce mata. Mutuniyar kirki, ta tarbe mu da kankana. Laifinta ɗaya, a rana sai ta kira sunan yaron nan sau talatin. Zo ka ɗauko min wannan, zo ka ɗanɗana wancan, tana jan ƙarshen sunan kamar waƙa, shi kuma yana amsawa da gudu. Matar da ba ta san zafin haihuwarsa ba tana ta watsa sunan a tsakar gida, ni uwarsa ina zaune ina fifita da kwali. Na ji kishi, ba zan ɓoye muku ba.

Banɗaki kuwa, kowanne da ɗan tiyonsa na ruwa a jikin bango, har na kasuwa. Na ce Asabe ga aikin butarki an riga an yi. Ta ce ita butarta ta sani, tunda ta hau jirgi biyu dole ta yi aiki.

Da asuba kiran salla ne ya tashe ni, ba daga waya ba, daga masallaci, a sarari, wannan na ɗauka wancan na saukewa. Rabona da in ji haka tun zuwana gida na ƙarshe. Na zauna a bakin gado hawaye na zuba. Na ce wato nan ne nake so in ciro yaron, in mayar da shi unguwarmu Levenshulme inda sai an duba takardar lokutan salla ta jikin firji ake sanin magariba ta yi. Amma dai ina son abina kusa da ni, ko da a ce Makka yake zaune.

Kwana biyar muke da su, kuma yaron ya rantse sai ya nuna mana garin da ƙafa, wai a mota ba a ganin komai. Kalmarsa ɗaya ce, "Ba nisa, Mum." Na gane ba nisan ɗan shekara ashirin da tara daban yake da na mai ciwon gwiwa. Gaban shagunansu akwai doguwar rumfa don masu tafiya, amma wannan ya ajiye babur, wancan ya jera tukwanen fure, sai ka sauka titi ka sake hawa, ka sauka ka hau. Shi yana gaba yana nuni da hannu, Asabe a tsakiya tana sharhi, ni a baya ina salati.

A titi ɗaya muka wuce masallaci babba fari tas, taku kaɗan sai ɗakin bautar Indiyawa da gumaka masu launi-launi tun daga ƙofa har sama, taku kaɗan sai na 'yan Sin ya turnuƙe da hayaƙi, can ƙarshe ga coci. Kowa na sabgarsa, babu mai hararar wani. Turaren tsinken 'yan Sin ɗin, wasu tsawonsu ya kai ni, kaurinsu ya kai taɓarya. Asabe ta tsaya ta shaƙa ta ce, "Matar Yaya, da za su ba ni guda ɗaya, da falona ya shekara yana ƙamshi."

A na Indiyawan sai an cire takalmi. Yaron da Asabe suka cire suka shige. Ni na ce ni da na je Makka sau biyu ba za a gan ni a ciki ba, na tsaya a bakin ƙofa kusa da takalmansu, da mayafina da carbina. Wasu Turawa biyu suka zo, suka cire nasu, suka jera a gabana, suka ce thank you. Kafin in ce uffan wasu shida suka biyo baya. Wata ma lemarta ta miƙo min, na kuma karɓa, don hannuna ya riga kaina. Minti ashirin ina gadin takalman duniya. Abin haushin, da wani ya zo zai taka na wata yarinya, sai da na daka masa tsawa. Asabe ta fito ta gan ni da lema a hannu da takalma a jere, ta riƙe ciki.

"Can council tana rage ma'aikata, ke kin zo nan kin samu aiki ko interview ba ki yi ba!"

Don haka, Hajiya Mairo, e, ɗakin bautar da ke gaba na shiga, don kada a ƙara min girma. Na yi a'uziyyata a zuci, na kalla, na fito. Gumakan ba su tsaya min a rai ba. Abin da ya tsaya min wata mata ce tsarata a durƙushe, ido a rufe, baki na motsi, ta riƙe hoton wani saurayi a ƙirji. Ban san me take roƙo ba, ban kuma yarda da wanda take roƙa ba, amma fuskar na san ta. Na fito da sauri na ce wa yaron ƙafata ce ke ciwo.

Abinci kam ba su da laifi. Shinkafa ce safe da rana, a zuba maka miya kala biyar a faranti ɗaya su gauraye, ka sa hannu ka ci babu mai kallonka. Garin yajin Asabe bai ga rana ba, don nasu barkonon sai da ya sa ta cire ɗankwali tana fifita. Mai shayinsu yana ɗaga kofi sama yana zubo shayin cikin wani kofin, sak mai shayin bakin layinmu a Kano, har da yangar. Akwai kuma wani ɗan itace mai ƙaya da suke ji da shi, durian. Tun daga nesa Asabe ta ce gas ne ke yoyo, mu gudu. Yaron ya ce mu daure mu ɗanɗana. Ita ta ci loma ɗaya ta nemi ruwa da istigfari, ni na cinye uku. Na ce mata wadda ta ɗauko man shanu a kwalbar jam ba ta da bakin zagin warin abincin wasu. Yaron ya yi dariya har da buga tebur, irin dariyar da rabona da ita tun yana sakandare. Na ce a raina yanzu ne, ga shi ransa fari. Na dube shi, ya dube ni. Na ce ya miƙo min tishu.

Haka kwana uku suka tafi. Kullum da safe in ce yau, kullum da yamma Asabe ta ce, "Matar Yaya, an haihu?" In ce ta fita idona.

Rana ta huɗu ya kai mu wani gida da ya kira gidan zuri'a. Mutanen da kakanninsu suka taso daga ƙauye ɗaya a ƙasar Sin ne suka haɗu suka gina shi, don kada dangi su watse. Ginin ya sha ado har ya gaji. A ciki akwai alluna na katako a jere da rubutun zinare. Wani tsoho mai kula da wurin, haƙoransa ba su fi huɗu ba, ya bi mu yana bayani da Turanci. Waɗannan sunayen kakanni ne. Waɗancan na jikin bango kuwa 'ya'yan dangi ne da suka gama jami'a, duk wanda ya zama likita ko lauya sai a rubuta sunansa a kafa, kowa ya shigo ya gani. Ya nuna ɗaya ya ce wannan ma a Ingila ya yi karatu.

Yaron ya tsaya a gaban bangon ya daɗe. "Kin gani, Mum? A bango suke sawa. Da zinare." Da murmushi ya faɗa, amma na san murmushin.

Asabe, da ba wanda ya tambaye ta, ta juya ta zayyana wa tsohon al'adarmu kaf, da nuni da ni. Na so ƙasa ta tsage. Tsohon ya saurara, sai ya ƙyalƙyale da dariya. Ya ce shi ma uwarsa ba ta kira shi da sunansa ba har ya yi aure. Ɗan alade take ce masa. Yayyensa biyu sun mutu suna jarirai, sai ta ce idan aljanu suka ji ana kiransa alade za su ɗauka ba shi da daraja, su bar mata shi. Ya buga ƙirji ya ce ga shi nan, shekara tamanin.

"Kin ji," in ji Asabe, "ashe kina da dangi a nan."

"Shi dai ya samu suna," in ji yaron. "Ko na alade ne."

Sai da muka fito na mayar masa da martani. Kun san ni, idan abu ya taɓa ni faɗa yake zama. A bakin titi, rana na dukanmu, na ce masa, "Kai, sunan ne ya yi maka wankin kashi? Sunan ne ya tsaya cikin ruwan sama a ƙofar makaranta shekara bakwai? Sunan ne ya hau jirgi biyu da wannan gwiwar?"

"Kin ji ko? Ko yanzu 'Kai'." Hausarsa a karkace take, irin ta 'ya'yan Manchester, amma ranar ta fita tar. Ya share gumi ya ce, "Mum, na riga na sa hannu. Tun sati biyu kafin ku zo. Ban san yadda zan gaya miki ba."

Na ce Allah ya sa alheri. Me zan ce? Muka koma gida a jere kamar masu dawowa daga jana'iza, ko Asabe ba ta yi sharhi ba. Anti ta tarbe mu a ƙofa tana kiran sunansa.

Washegari ita ce ranar ƙarshe, kuma ko sama za ta faɗo Bahaushiya ba ta komawa gida babu tsaraba. Da sassafe ya kai mu babbar kasuwa. Titi ne aka toshe da rumfuna, kifi a nan, atamfarsu mai zanen fure a can, kaji, kayan yaji a tsibi-tsibi, ƙasa a jiƙe, mutane kafaɗa da kafaɗa. Na sayi ƙananan busassun kifi, Asabe ta sayi mayafai goma sha biyu ta ce na mutane ne, na san rabi nata ne. Yaron ya kwashi ledojin ya yi gaba. Ba ya fushi, amma ba ya magana.

Ina bayansa ina kallo. Mai kayan miya ta ɗaga masa hannu, ya amsa da yarensu. Wani mai gyaran agogo ya dafa kafaɗarsa. Garin nan ya san shi, yana da wurin zama a cikinsa, abin da Manchester ta ce ba ta da kuɗin ba shi. Mutane suka shiga tsakaninmu, ya yi nisa, sai ƙeyarsa kawai nake hangowa. Na tuna gobe war haka ina sama, kuma babu sauran hannun da zan hana shi sawa. Ban shirya ba, ban ce yanzu ne ba. Kawai na ji sunan ya fito daga bakina, sunan yankansa, da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

Na manta ƙasar Musulmi muke, kuma sunan annabi ne. Mutum uku suka juyo: mai kifin da ke kusa da ni, wani dattijo mai hula, da wani mai tura baro. Mai kifin har da ajiye wuƙa, yana tambayata da ido me zai ba ni.

Shi bai juyo ba. Yana ta tafiyarsa da ledoji.

"Kai!" na ce.

Nan take ya waiwayo, daga bayan kawuna ashirin. Ya kutso ya dawo yana tambaya ko gwiwar ce.

Asabe ta saki mayafan a kan teburin kifi. "Ta kira ka! Wallahi ta kira ka! Duk kasuwar nan ta ji sai kai!"

"Gwaggo, ki bari."

"In na yi ƙarya kada in ga Birmingham. Tambayi wannan."

Ya juya ga mai kifin suka yi magana da yarensu. Mutumin ya nuna ƙirjinsa ya faɗi sunan, wato shi ma sunansa ke nan, sannan ya nuna ni, ya toshe kunnuwansa da hannu biyu yana dariya. Yaron bai yi dariya ba. Ya sauke ledojin a ƙasa mai jiƙa.

"Na ji," ya ce a hankali. "Na ji wata tana kira. Ban ɗauka da ni ake ba. Ban gane muryar ba."

Wannan ta fi ta kicin ciwo. Na tsaya ina gyara mayafin da babu abin da ya same shi.

"Mum, sake faɗa."

Na dubi Asabe, ta zuba min ido. Mai kifi ya zuba min ido. Dattijon mai hula ma bai tafi ba. Na buɗe baki, na rufe. Na ce, "Mu je, kifin nan zai lalace." Busasshen kifi ne, zai shekara bai lalace ba, kuma dukkanmu mun sani.

"It's fine, Mum," ya ce. Ya kwashi ledojin. Amma bai ƙara yin gaba ba, a gefena ya taka har gida, da irin takuna.

Masu tambaya ko na dawo da shi, ban dawo da shi ba. Yana can, aikinsa na dindindin, ya ce sai dai hutu. Ya raka mu filin jirgi washegari. Akwatin Asabe ya wuce nauyi, ta tsaya a wurin awo tana ciro kaya tana mayarwa tana yi wa ma'aikacin bayanin da bai nema ba. Ya rage daga ni sai shi a gefen wani ginshiƙi. Ya ce in riƙa shan maganin gwiwar, na ce ya riƙa cin abinci. Wuyan rigarsa ya ɗan lanƙwashe, na kai hannu kamar zan gyara, na jawo shi ƙasa, don ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba. Na faɗa masa a kunne, a hankali, harafi bayan harafi, yadda liman ya faɗa ranar suna.

Bai motsa ba. Na ji numfashinsa ya tsaya, na ji ya dawo.

"Na'am," ya ce.

Shekara ashirin da tara ban taɓa jin na'am ɗin yaron nan ba, don ba a amsa "Kai" da na'am. Ashe irin ta ubansa ce, can ƙasa-ƙasa. Asabe ta ƙwalo min kira cewa layi na tafiya. Na saki rigar na bi ta, ban waiwaya ba, don fuskata ba ta ganuwa a lokacin.